Shagon Mal-sun, Ranar Talata

Kafin jiragen kamun kifi su dawo gaɓar Busan
Mal-sun ta buɗe shago,
warin magani ya tarbe ta kamar tsohon maƙwabci.

Bun-rye ce ta farko, mai sayar da kifi,
shekara saba'in da ɗaya,
gishirin teku ya mai da gashinta zaren buhu.
“Ki nannaɗe shi sosai,
ya kai ni bikin girbi. Ba tsintar kuɗi nake ba.”

Mal-sun ta ja sili ɗaya.
Ya tsinke.
“Maganin nan karya gashi yake kafin ya lanƙwasa shi.
Wanda ya riga ya karye fa?
Sai mun ciyar da shi tukuna.”

Ta ɗebo man furotin, fari tas,
ta shafa daga tushe har baki,
ta kifa hula mai ɗumi. Minti ashirin.
Sannan ƙananan sandunan roba, hamsin da shida,
jere kamar kifi a faranti.

Ɗan abin da ya rage a kwano
ba ta zubar ba.
Ta kamo hannun Bun-rye,
faratan da ƙanƙara ta tsattsaga,
ta murza a hankali.
Ta murza nata ma,
da shekara talatin na magani suka cinye.

Hannu huɗu a kan tawul.
Babu mai magana
sai da agogo ya yi ƙara.

“Wannan kuma nawa?”
“Kawo mini kifi biyu gobe.
Masu ƙiba.”