Obafulo a Hanyar Jega

Mun wuce Aliero kaɗan ta yi tari sau biyu,
ta mutu, da buhu goma sha bakwai na albasa a bayanta.
Na murza makulli, ta yi gurnani, ta ƙi.
Na taka totur, na sake, na yi ta dannawa
kamar mai ɗura wa jariri kunu,
har warin fetur ya danne warin albasa.

Arzika ya iso a kan mashin bayan azahar,
sifana uku a aljihu, goro a kunci.
Bai taɓa komai ba. Hanci ya fara miƙawa.
"Wa yat taka ta hakanga?"
Na ce ni ne.
Ya ce, "Awo. Ta sha mai."

Fulogi na farko baƙi ƙirin, jiƙe sharkaf.
Sauran ukun duk kanwar ja ce.
Ya goge ɗaya, ya jingina da ƙarfen inji, ya ce in murza,
wuta ta yi tsalle, shuɗiya, ƙyas!
To, koyil ya kuɓuta. Batir ma da ransa.
Ya ɗaga matatar iska yana leƙen rana ta cikinta,
ya taɓa cok, ya same shi a buɗe.
Haka ya bi su yana sallama
kamar alƙalin da ya san ɓarawon tun safe,
har ya rage saura kafireto.

A kan tsohon buhu ya baje cikinta.
Ya ɗauko fulot, ɗan tulun tagulla,
ya girgiza a kunne irin na mai sayen ƙwan zabo,
sannan ya kawo wa nawa kunnen.
Na ji mai yana ƙulu-ƙulu a ciki.
Huda ce, ba ta kai kan allura ba.
Wanda aka ajiye ya yi iyo, ya ce "ya isa,"
shi ne ya nutse.
Ƙofa ta zauna a buɗe,
ni kuma ina waje ina ta turo baƙi.

Ya zazzage shi, ya shanya, ya ɗiga masa dalma.
Can nesa da mota ya hura wutar kara
ya gasa fulogai kamar gyaɗa.
"Taka har ƙasa, ka riƙe. Kak ka yi famfo.
Iska taka biɗa."
Ta yi kaki, ta yi aman baƙin hayaƙi,
ta kama.

Kasuwa ta watse kafin mu shiga Jega.
Na sayar a faɗuwa, na biya Arzika.

Da dare na kira ɗana Sahabi
in ƙarasa masa faɗan da na fara da asuba.
Ya durƙusa, kai a ƙasa, ko tari babu.
Na ɗaga yatsa,
sai na ji warin fetur a jikinsa.
Na ce ya kawo mini ruwan wanke hannu.