Mai Wankin Madubi

Ubana ya yi shekara talatin da ɗaya yana sauka,
ni kuwa shekara tara ke nan ina hawa.
Shi ramin tagulla na Calama ya haɗiye ƙuruciyarsa,
ni kan dutse aka ba ni, inda iska ta yi ƙaranci,
inda ruwan shayi kan tafasa bai yi zafin kirki ba.

Aikina wankin madubi.
Faɗinsa ya fi ɗakin da aka haife ni.
Ba a taɓa shi da yatsa, ba a hura masa numfashi;
farar ƙanƙara nake fesa masa, ta kwashe ƙura ta ɓace.
In na gama ba na duba fuskata a ciki.
Ba don fuskata aka yi shi ba.

Rana na faɗuwa rufin ya rabu biyu,
Otilia mai karatun taurari ta ajiye kofinta:
"Eulogia, zo ki gai da wani tsoho."
Jan ɗigo ne a kan allo, bai kai ƙwayar gishiri ba.

Ta ce: Haske ba ya yada zango,
kilomita dubu ɗari uku yake ci a daƙiƙa guda,
amma wannan da ya sauka a madubinki yau
shekara dubu biyu ya yi yana tafe.
Mai aiken ko yana raye, ko ya riga ya cika, oho.
Labarin rasuwar ma a ƙafa zai zo.

Ta ratsa hasken ta cikin gilashi,
ya baje kamar bakan gizo,
da siraran baƙaƙen zane a jikinsa.
Kin ga giɓin nan? in ji ta. Sa hannunsa ke nan.
Launin da ya rasa shi ke tona abin da ke cikinsa.

Cikin gajimare mai sanyi aka yi cikinsa,
nauyin kansa ya matse shi har ya kama da wuta.
Daga nan sai kokawa:
nauyi na ja ciki, zafi na turawa waje,
shekaru miliyoyi ba kaye.
Tokar jiya ita ce makamashin yau,
ta yau ita ce ta gobe,
yana kumbura, yana ja,
har tukunya ta kai ga ƙarfe.
Ƙarfe kuwa ba ya cin wuta.
Ranar sai ya rufta, ya fashe,
ya watsar da duk abin da ya tara.
Bai bar wasiyya ba, amma kowa ya ci gado.

Na ce, har da tagulla?
Ta ce, har da tagulla.
Har da ƙarfen da ke jininki.

Na yi shiru.

Hermógenes Chocobar bai cika ɗaga kai ba.
Yakan ce sama ba ta biyan albashi.
Ya dawo da ƙura a gashin ido, da ƙura a huhu,
tarinsa kan riga shi shigowa gida.
Ran da aka sallame shi ya kawo mini koren dutse,
ya ce, riƙe, abin da na samu ke nan.
Ashe gawar tauraro yake tonowa,
bai sani ba, ba kuma wanda ya gaya masa.

Dutsen na cikin aljihun rigar sanyina.
Na damƙe shi har ya ɗauki ɗumin hannuna.
Na tuna muryarsa, wadda har yanzu takan iso ni
shekara shida bayan an rufe ƙasa,
ba ta san mai ita ya tafi ba.

Gari ya waye, rufin ya haɗe.
Otilia ta tafi barci da lissafinta.
Hasken da ya bar rana minti takwas da suka wuce
ya taɓa bayan hannuna.
Na leƙa madubi:
ƙura ta sake sauka, kaɗan, a gefen hagu.