Inci Uku

A Hawes, bayan kasuwar tumaki,
akwai gareji mai rufin kwano
inda tsoho Alwyn Metcalfe ke ƙera motoci
masu kama da waɗanda suka yi tashe kafin a haife ni.
Ya dube ni daga tafin ƙafa har ƙeya,
ya tura tabarau bisa goshi, ya ce:
"Kai kuma wa ya aiko ka ka wahalar da ni?"

Ƙafa shida da inci biyar.
Tun ina firamare ake kirana Zalɓe.
A asibitin Bradford, inda nake ɗaukar hoton ƙashi,
ni ke sauko wa kowa da kaya daga saman kabad.
Tsawo ya yi mini rana sau dubu,
yau ya zo karɓar bashinsa.

Ta farko ja ce, kamar an tsoma ta a manja.
Na zura ƙafar hagu, na naɗe ta dama,
gwiwoyina suka rungume sitiyari
kamar mai tatsa ya matse ƙwarya.
Fitowa ta fi shiga wuya,
sai da Alwyn da yaronsa suka ja ni ta hammata.

Ta biyu shuɗiya, da fararen layi biyu a gadon baya.
Ba ta da rufi, na ce madalla, ga sama ga kaina.
Ashe gilashin gaba a haɓata ya tsaya.
Mil biyu muka yi,
na dawo da ƙwari a haƙora, hawaye har kunne.
Takalmina kuwa, lamba sha uku,
in ya je neman birki sai ya biya ya gaida totur.

Ramlatu ta bugo waya:
"Jabu fa za ka saya, Mamuda.
In ba ka da gashin wance..."
Na ce na sani, kitso daidai kaina zan yi.
Ta asalin ta fi gidanmu tsada sau huɗu,
masu ita kulle ta suke a ɗaki suna shafa ta da auduga.
Wannan ba ta yi mini ƙarya ba:
injin wata tsohuwar Ford ne a cikinta,
takardunta sun faɗi shekarunta ba ragi.

Ta uku na lungu, ƙarƙashin tamfol,
koriya shar, kamar miyar kuka.
Alwyn ya kwance kujerar ya jingine ta da bango,
ya ce in zauna kan ƙarfe tsirara.
Ya ɗauko alli da tef,
sai ka ce tela zai yanka mini kaftani.
"Zan sauke daɓen inci biyu,
in tura birki da totur gaba inci ɗaya,
in sa maka ƙaramin sitiyari.
Kai kuma je ka nemo siririn takalmi."

Inci uku kacal.
Mako bakwai na yi ina jiran su.

Wata Asabar an ɗauke ruwa, kwalta na tururi,
muka kama hanyar Buttertubs.
Ƙafata ta miƙe har ƙarshenta, karon farko cikin mota.
Iska ta bi ta saman kaina ba ta taɓa ni ba.
Na sauke giya a kwana ta farko,
salansa ta yi gyaran murya, duwatsu suka amsa,
tumaki biyu suka bar ciyawa suna kallo.
Na ji titin a ƙugu, na ji shi a tafin hannu,
kowace tsakuwa da nata labari.

Ramlatu na gefe, ta dafe ɗankwali da hannu biyu,
ba ta ce uffan ba har muka kai tsauni.
Can ƙasa kwarin ya buɗe, katangun dutse sun tsaga shi gona-gona.
Ta juyo, idonta jawur, ta ce:
"In mun juya, ni zan tuƙa.
Ka tambayi tsohon nan ko ya ajiye katifar kujerar."