Kwana Goma Sha Uku

A ƙauyenmu na tsibirin Lesbos
sau biyu ake haifar Almasihu.
Kakata Stamatiya na bin sabuwar kalanda,
ƙanwarta Ewantiya ta riƙe tsohuwa
kamar mai riƙe da igiyar guga.
Tsakaninsu katanga ce, da itacen zaitun,
da kwana goma sha uku.

Ranar da nama ke ƙauri a gidanmu
ita tana can da waken azumi, ba ko ɗigon mai,
ta toshe taga da tsumma.
Ni ake aika da kwano. Ni ake koro wa da shi.

"Ce wa yayata, magabata ba su ɓata lissafi ba."
"Ce mata rana ba ta jiran magabata."

Na tambayi Fada Yerasimos wa ke da gaskiya.
Ya ce Nassi ya ambaci makiyaya, ya ambaci dare,
kwanan watan ne bai faɗa ba.
Ya ci gaba da goge fitila.

Sai daren Ista, da lissafi ya gama su dole,
Ewantiya ta miƙo kyandir a mace ta kan katanga.
Kaka ta kunna mata,
tana mitar lagwanin ya yi tsawo.