Komar da Ba ta Kama Kifi

Zinatu ta dawo daga Wudil da kwamfuta a jaka,
ta same ni gindin kanya, bakin kogin Haɗeja,
gizago a hannu, gungumen maɗaci a gaba.
Ta ce, "Baffa, dakata, in auna shi tukuna."

Ta bi shi da igiya, daga goshi har ƙeya,
ta zuba lambobi, sai ga jirgina a allo
an lulluɓe shi da raga mai ƙananan idanu.
Na ce, "Wane kifi ake kamawa da wannan koma?"
Ta ce, "Ruwa take kamawa.
Kowane ido yana lissafa matsi da gudu,
ya raɗa wa maƙwabcinsa."

Da irinta, in ji ta, ake ƙera jiragen tsere na teku,
masu inji, masu ɗaga goshi suna tsaga kumfa,
da waɗanda iska ke ja da ƙyalle.
Ni ban san teku ba.
Guri na sani, da Kirikasamma.

Na'urar ta yi ta huci har la'asar sakaliya,
sannan ruwa ya fito da launi:
shuɗi inda ya sake, ja inda ya matsa.
A ƙeya kuwa zare ne ke murɗewa,
yana juyi kamar ana tuƙa tuwo.
"Nan yake riƙe ku, Baffa. Nan yake jan ku baya."

Na yi shiru.
Shekara talatin kafaɗar Ilu matuƙi na faɗa mini haka,
ni kuwa ina ce masa rago.

Ta ce a rage yatsa huɗu. Na sassaƙe uku,
don allonta bai san kacala ba,
bai san yashin da ke tasowa bayan kaka ba,
balle buhu goma na shinkafa
da jirgin zai ɗauka ran kasuwa.

Ran tsere muka zo na biyu.
'Yan Abunabo suka sha mu da tsawon gora.
Zinatu ta ɗaga mini yatsa ɗaya tana dariya.
Na ce, "Wataƙila."

Da almuru na tura jirgin ni kaɗai,
na tsoma tafin hannu a ƙeya:
ruwan na wucewa sumul, ba gardama.

Na sayi goro fari guda biyar,
na nufi gidan Ilu.