Jijiyar Tsoho Kuriakose

Ƙarfe uku na dare a Kottayam,
ruwa na dukan rufin asibiti kamar mai bin bashi.
Ni ce Anjitha, 'yar aji biyu,
farar riga, farin takalmi, jan ido.

Sau biyu na nemi jijiyar tsoho Kuriakose,
sau biyu ta zille mini kamar tarwaɗa.
Sista Sosamma na tsaye a bayana, ko uffan,
shirunta ya fi allurar tsini.

Jarrabawa jibi.
Sunayen magunguna sun cakuɗe a kaina,
shinkafa da tsakuwa.
Rabona da barcin kirki tun Talata,
rabona da gida tun kafin damina.
Baba ya jinginar da gonar roba
don in sa wannan rigar.
In na faɗi, ba ni kaɗai zan sha ƙasa ba.

Na shige ɗakin ajiyar zannuwa, na ja ƙofa,
na cusa fuska a tawul mai warin sabulu,
na ba kuka minti huɗu, ina duban agogo.
Merin ce ta koya mini:
ki sha shi kamar magani, kada ki zarce awo.
Ta bar mini shayi a bakin taga, ya huce,
da soyayyiyar ayaba a ƙunshin jarida.
A tsaye na ci.

Da na koma, tsohon ya riga ya miƙo hannu.
"Ɗiyata, mece ce sana'ar ubanki?"
Na ce tsagar roba.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Ashe kin gaji aikin.
Bishiya ba ta ba mai gaggawa nono."

Sai ga Baba a idona, da asuba, fitila a goshi,
yana shafa ɓawo da yatsa
kafin wuƙa ta gaishe shi.
Na daina kallo, na saurara da yatsa.
Ga ta kwance, siririya, tun ɗazu ni take jira.
Jini ya leƙo, jawur.

Sista ta rubuta wani abu, ta wuce.
Ban san me ta rubuta ba.
Ruwa bai ɗauke ba, jibi na nan inda take,
mai gado na tara na kira.
Hannuna dai ya bar rawa,
ko da zuwa wayewar gari ne.