Kafin Mu Ja Tirela

Mitarta ta tsaya tun shekarar da aka haifi Cika,
a dubu ɗari huɗu da wani abu.
Tun ran nan akori-kurata ba ta ƙara faɗin shekarunta ba.

Na kai ta Buzaye da hantsi.
Modi bai gaishe ni ba, ita ya fara gaisarwa:
ya kara kunne jikin inji,
ya daɗe shiru,
ya ce, "Zuciya lau. Ƙafafun ne."

Baƙin mai ya fito kamar ruwan marina.
Muka wanke lagireto har laka ta daina zuwa.
Sabon birki, sabon fanbel,
ganye biyu aka ƙara wa sifirin baya,
don gobe ba kanta kaɗai za ta ɗauka ba.

Ƙugiya, sau biyu ya bi ta da walda.
Na ce ɗaya bai isa ba?
Ya ce, "Tambayi ramukan hanyar Yawuri."
Ya rataya sarƙa, ko don tsautsayi.

Buhu arba'in na albasar Wurno na jira,
bashin taki na jira a bayansu.

Da magariba Cika ya tsaya bayan tirela yana ihu:
"Ta hagu ta kama! Ta dama tana kashe ido!"
Ashe ɓera ne ya ci waya.

Asuba.
Na dafa sitiyari inda tafin Baba ya cinye fata,
na murza makulli.
Ta yi tari sau ɗaya, irin nasa,
sannan ta amsa.